ISKOKI KO KUSKUREN LISSAFI? ABUBUWAN BAN TSORO DA KE ƁOYE CIKIN TSOFAFFIN WASANNIN GEM

Duk wanda ya ke zagaya kasuwanninmu na bakin iyaka, daga Konni da Illela zuwa Ɗan Isa da Jibiya, har Magarya da Maigatari, ya san rumfunan ƴan kayan wuta ba su rabo da ƴan na'urorin nan na wasan yara da a ke jonawa da talabijin, waɗanda kowa ke ce wa gem. Akwai masu cin kaset, akwai masu cin faifai, akwai kuma na yanzu da a ke zubo wasannin a cikinsu tun daga masana'anta. Galibin wasannin kuwa tsofaffi ne, irin su Mario da Contra da Tetris da Pac-Man da harbin agwagwa, waɗanda a ka ƙirƙira a Japan da Amurka da Rasha fiye da shekara talatin da su ka wuce.

Wanda ya daɗe cikin wannan sana'a ya san irin ƙorafin da ke biyo bayan ciniki. Yaro ya dawo da kaset ya ce fuskar ɗan wasan ta rikiɗe, ko wasu haruffa da ba a san kansu ba sun cika talabijin, ko ya faɗa wani wuri da ba ya da mafita. Wani lokaci uwar yaron ce za ta aiko a maido da kaya, ta ce ba za a kwana da wannan abu a ɗakinta ba, don akwai iskoki a ciki. Idan mai rumfa ba ya da amsa, ko dai ya maida kuɗi a kan kayan da lafiyarsu lau, ko ya yi gardama a kan kayan da lalle sun lalace, ya rasa mai saye. Shi ya sa mu ka ga ya dace mu baje wa ƴan kasuwa tarihin waɗannan abubuwa. Kowane ɗayansu akwai hannun ɗan Adam a bayansa, kuma wanda ya san asalinsu zai iya rarrabe abin dariya da abin da ya ke da haɗari na gaske.

Ma'aunin da ba ya wuce 255

Mu fara da lissafi, tun da shi ne sana'armu. Mai kabu-kabu ya san idan mitar babur ta kai 99999, abin da zai biyo baya shi ne 00000, domin gurbin lambobi ya ƙare. Haka ƙwaƙwalwar tsofaffin na'urorin nan ta ke. Ƙaramin gurbin da su ke ajiye lamba a ciki daga 0 zuwa 255 kaɗai ya ke ɗauka. Da an ƙara ɗaya a kan 255, sai ya koma 0, kuma na'urar ba ta san ta yi kuskure ba, za ta ci gaba da aiki da lambar banza.

Wasan Pac-Man, wanda kamfanin Namco na Japan ya fitar a 1980, shi ne ya fi shahara da wannan. Masu tsara shi ba su yi masa ƙarshe ba, don a tunaninsu babu wanda zai yi nisa. To amma ƙwararru sun yi ta ci har su ka kai mataki na 256. A nan ne rabin fuskar talabijin na hannun dama ke cika da tarkacen haruffa da lambobi masu launi iri-iri. Dalili shi ne, wasan kan zana ƴaƴan itace a ƙasan allo, bakwai iyaka, don nuna matakin da a ka kai. Da lissafin ya juye zuwa 0, sai ya shiga ƙoƙarin zana guda 256, ya yi ta zubawa a inda ba wurinsu ba. Ɗigon da a ke ci ba su isa a gama matakin ba, saboda haka wasa ya ƙare ke nan. Makin da ya fi kowane yawa da mutum zai iya samu shi ne 3,333,360, kuma sai a 1999 a ka fara samun wanda ya kai shi.

Donkey Kong na kamfanin Nintendo, wanda ya fito a 1981, shi kuma a mataki na 22 ya ke yin nasa. Mario na cikin gudu, babu abin da ya taɓa shi, sai kawai ya faɗi matacce cikin ƴan daƙiƙoƙi. Wanda bai sani ba sai ya ce jifa ne. Alhali lokacin da a ke ba ɗan wasa a kowane mataki ne a ke lissafawa da lambar matakin, a na 22 lissafin ya ba da 260, da a ka cire 256 sai 4 ta rage, lokacin da ba zai kai kowa ko'ina ba.

Shi kuwa Tetris na Nintendo na 1989, shekara 34 ya yi kafin ɗan Adam ya ga bayansa. Daga mataki na 138 launukan tubalan kan birkice, wani matakin ma su yi duhu har da ƙyar a ke ganinsu. Ranar 21 ga Disamba 2023 wani yaro ɗan shekara 13 a jihar Oklahoma ta Amurka ya kai mataki na 157, sai wasan ya daskare cak, domin lissafin maki ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar na'urar.

Wuraren da babu wanda ya gina su

Akwai wani kuskuren da ya fi wannan tada hankalin yara, wato faɗawa wurin da masu wasan ba su tsara ba. A cikin Super Mario Bros. na 1985, idan mutum ya san dabarar kutsawa ta cikin bango a ƙarshen mataki na biyu na duniyar farko, ya shiga bututu kafin wasan ya rubuta inda bututun zai kai shi, sai ya tsinci kansa a ƙarƙashin ruwa, a wata duniya da a ka rubuta lambarta -1. Zai yi ta iyo har ya kai bututun fita, ya shiga, ya sake ɓullowa a farko. Haka zai yi ta zagaye har lokaci ya ƙare ya mutu. A haƙiƙa lambar duniyar 36-1 ce. Alamar da ke zaune a gurbi na 36 cikin jerin haruffan wasan fili ce tsura, shi ya sa ba a ganin komai sai ɗan layin da lambar 1.

Wasan Pokémon na ƴar na'urar hannu Game Boy, wanda ya fito a Japan a 1996, ya isa Amurka a 1998, ya na da halittu 151 da a ke kamawa. Amma guraben da a ka tanada a ƙwaƙwalwarsa 190 ne, ke nan 39 babu kowa a ciki. Sai yara su ka gano cewa idan su ka bar wani tsoho na cikin wasan ya koya masu kamun halitta, sannan su ka tafi bakin tekun gabas na tsibirin Cinnabar, wata halitta za ta fito masu mai kama da rusasshen bango, wani lokaci kuma da siffar fatalwa ko ƙwarangwal. Sunanta MissingNo., wato lambar da ta ɓata. Ga yadda abin ya ke: lokacin da tsohon ke koyarwa, wasan kan ɗauke sunan yaron ya ajiye shi na ɗan lokaci a gurbin da a ke rubuta jerin halittun daji. A wancan bakin teku babu sabon jerin da zai goge sunan, sai wasan ya karanta haruffan sunan yaron a matsayin lambobin halittu, ya buɗe gurbin da ba kowa. Kamar yaron shago ne ya rubuta sunan mai saye a layin farashi, maigida ya zo ya tara da shi. Haɗuwa da wannan halitta kan ƙara 128 a kan kaya na shida da ke jakar ɗan wasa, ta kuma ɓata hotunan da a ka adana. A 1999 sai da Nintendo ya fito ya gargaɗi yara a kanta.

Abin da ma'aikata su ka binne da gangan

Kashi na biyu ba kuskure ba ne, ma'aikata ne su ka ɓoye da saninsu. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Atari na Amurka ba ya yarda a rubuta sunan wanda ya tsara wasa a jikin kwali, don kada wasu kamfanoni su san shi su ɗauke shi. Wannan ya ɓata wa wani ma'aikaci mai suna Warren Robinett rai. A cikin wasansa Adventure, wanda ya fito a 1980, sai ya gina ɗakin asiri ya rubuta sunansa a ciki, mabuɗin ɗakin kuwa wani ɗigo ne guda ɗaya mai launin bango. Har ya bar aiki kamfanin bai sani ba, sai da wani yaro ɗan shekara 15 ya rubuto wasiƙa. Da a ka ƙiyasta kuɗin gyara zai kai dalar Amurka 10,000, sai a ka bar shi. Daga nan ne Turawa su ka fara kiran irin wannan ɓoyo ƙwan Ista, saboda al'adarsu ta ɓoye wa yara ƙwai masu launi su nema a lokacin bikin Ista.

Duk wanda ya taɓa buga Contra ya san sirrin nan na sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A, wanda ke ba da rai 30 maimakon 3. Wani ma'aikacin kamfanin Konami ne, Kazuhisa Hashimoto, ya ƙirƙira shi a 1986 lokacin da ya ke aikin wasan Gradius, domin wasan ya yi masa wuya wajen gwaji. An fitar da kaya kasuwa ba a cire ba, daga baya kamfanin ya maida shi al'ada.

Wanda ya fi firgita yara shi ne na Sonic CD, na kamfanin Sega, 1993. Idan a ka shiga wurin gwajin sauti a ka sa lambobi 46 da 12 da 25, sai allo ya cika da layi-layin Sonic mai fuskar mutum a murtuke, ga kiɗa mai sa tsigar jiki tashi, ga rubutun Japananci a tsakiya. Shekara da shekaru a na yaɗa cewa sa hannun Shaiɗan ne, domin kalmar da ke ƙarshe, Majin, ta na iya nufin aljani a harshensu. Ashe rubutun cewa ya ke nishaɗi ba ya ƙarewa, Majin kuwa laƙabin ƙuruciya ne na wani mai zanen kamfanin, Masato Nishimura.

A wasan Doom II na 1994, dodon ƙarshe kan yi wata magana da murya mai ban tsoro wadda ba a gane ta. Muryar John Romero ce, ɗaya daga cikin masu wasan, a ka juya ta baya. Idan a ka miƙe ta, cewa ya ke sai an kashe shi kafin a ci wasan. Abokan aikinsa ne su ka fara tsokanarsa, su ka ɓoye hoton kansa a tsire a bayan bangon dodon, shi kuma da ya gano ya rama da muryar. A Japan ma, cikin wani wasan ƙananan yara na 1988 mai suna Erika to Satoru no Yume Boken, wani ma'aikaci ya ɓoye doguwar wasiƙa ta zagin abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, wadda ba ta fitowa sai an jira fiye da awa guda bayan an gama wasan, an kuma latsa wasu maɓallai. Ta ciki na ciki, in ji masu iya magana, amma wannan ya zuba tasa a cikin kayan sayarwa.

Tarkon da a ka ɗana wa jabu

Nan ne maganar ta shafi aljihunmu kai tsaye. Wasu kamfanoni sun dasa tarko a cikin wasanninsu don maganin masu kwafi. EarthBound na Nintendo, wanda ya fito a Japan a 1994, idan ya gane kaset ɗin jabu ne sai ya cika hanya da abokan gaba fiye da ƙima. Wanda ya daure ya kai yaƙin ƙarshe, wasan zai daskare, idan ya sake kunnawa ya tarar an goge duk abin da ya adana. Spyro: Year of the Dragon na PlayStation, na shekarar 2000, shi wata ƴar aljana ce ta cikin wasan za ta fito ta gaya wa yaro cewa da alama faifansa na sata ne. Daga nan dukiyar da ya tara ta riƙa ɓacewa, a faifan Turai ma harshen wasan ya riƙa sauyawa da kansa, a yaƙin ƙarshe kuma a maida shi farko hannu rabbana. Idan mai saye ya kawo irin wannan ƙara, na'urarsa lafiya lau ta ke, faifan ne ya tona asirin kansa.

Sai kuma kaset ɗin nan da a ke rubuta wa 9999999 a cikin 1. Babu kaset ɗin wancan zamani da zai ɗauki ko kusa da haka. Ƴan wasanni kaɗan ne a ke maimaitawa, a sauya suna, a sauya launi, ko a fara daga wani mataki. Wani sa'in lambar da a ka zaɓa ta kan jefa yaro matakin da babu shi a wasan asali, ya ga tarkace ya tsorata. Wasu masu jabun ma nasu wasan su ke haɗawa su liƙa masa sunan sanannen fim. Akwai wani na jabu mai suna Lion King 5, wanda idan yaro ya faɗi wasa a ke nuna ɗan zakin ya rataye kansa. Kwalin ya na ɗauke da hoton katun na yara, uban da ya saya bai san abin da ya kai gida ba.

Jita-jita, da wadda ta zama gaskiya

Ƙarya fure ta ke ba ta ƴaƴa, amma a wannan fage ta kan daɗe ba ta bushe ba. A cikin Pokémon akwai wani gari, Lavender, mai hasumiyar kaburbura da kiɗa mai sanyaya jiki. Wannan gaskiya ne. Amma labarin da ya bazu a intanet wajen 2010, wai kiɗan ya sa ɗaruruwan yara a Japan sun kashe kansu a 1996, ƙagagge ne, babu jarida ko asibiti ko hukumar da ta taɓa ba da rahoton haka. Haka labarin Polybius, wani akwatin wasa da a ka ce an ajiye a birnin Portland na Amurka a 1981, wai ya na juya tunanin mutane, wasu masu baƙaƙen kaya na zuwa kwasar bayanai. Labarin ya ɓulla ne wajen shekarar 2000, kuma har yau ba a ga akwatin ko guda ba.

A Mortal Kombat na 1992, a shafin da mai gidan wasa ke duba lissafin na'ura, akwai kalmar ERMACS, wadda ke ƙirga sau nawa na'urar ta yi tuntuɓe. Da ya ke an rubuta ta kusa da sunan Reptile, ɓoyayyen ɗan dambe na gaske, sai yara su ka ce ai wani ɓoyayyen ne. Babu shi. Amma da kamfanin ya ga maganar ta ƙi mutuwa, a 1995 sai ya ƙirƙiri jan ninja ya sa masa suna Ermac, ya sayar wa masu jita-jitar abinsu.

Akwai kuwa wadda a ka ɗauka tatsuniya ce ta tabbata. A 1982 Atari ya yi gaggawar haɗa wasan fim ɗin E.T. cikin mako biyar da ƴan kwanaki don ya riski kasuwar Kirsimeti, ya buga kaset miliyoyi, wasan bai yi daɗi ba, kaya su ka yi kwantai. A Satumba 1983 motoci su ka kwashi kaya zuwa jujin garin Alamogordo a jihar New Mexico, a ka binne, a ka zuba kankare. Shekara talatin mutane na gardama. Ranar 26 ga Afrilu 2014 a ka tona a gaban jama'a, a ka fito da kaset wajen 1,300 na wasanni daban-daban, tsohon jami'in kamfanin da ya kula da aikin kuma ya ce 728,000 a ka binne. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa saro kaya da yawa saboda Salla su ka kwana a hannunsa ya san ciwon.

Inda haɗarin gaske ya ke

Ranar 16 ga Disamba 1997 da yamma, gidan talabijin na TV Tokyo ya nuna wani kashi na katun ɗin Pokémon, wanda a cikinsa hasken ja da shuɗi ya yi ta walƙiya da sauri na ƴan daƙiƙoƙi. A wannan dare an kai mutum 685 asibiti, galibinsu yara, wasu da jiri da amai, wasu da farfaɗiya. An dakatar da shirin wata huɗu. Katun ne ba gem ba, amma ciwon ɗaya ne: akwai mutanen da walƙiyar haske ke tayar masu da farfaɗiya, wasu ma ba su san su na da ita ba sai ranar. Shi ya sa kamfanoni ke buga gargaɗi a takardar da ke cikin kwalin kayan asali, takardar da na jabu ba su damu da ita ba.

Mun san yadda a wurarenmu idan yaro ya faɗi ya na karkarwa, abin da a ke fara cewa shi ne iska ta buge shi, balle a ce a gaban gem ya faɗi. Muna roƙon mai rumfa ya gaya wa iyaye: kada yaro ya yi wasa a ɗaki mai duhu, kada ya manne da talabijin, kada ya yi da barci a idonsa, ya riƙa hutawa minti 10 zuwa 15 bayan kowace awa. Idan ya faɗi, a kashe talabijin, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a kwantar da shi a gefe guda, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, sannan a kai shi asibiti. Ciwo ne da likitoci ke da maganinsa.

Haɗari na biyu na tarbiyya ne. GTA: San Andreas, wanda ya fito a 2004, sananne ne a gidajen gem na garuruwanmu. Tun asali na manya ne, ba a yarda a sayar wa ɗan ƙasa da shekara 17 ba a Amurka, a Turai 18. A 2005 wani mutumin Holan ya gano wani ɓangaren batsa da kamfanin ya kulle ya bari a cikin faifan. A watan Yuli hukumar tantance wasanni ta Amurka ta maida shi na manya zalla, manyan kantuna su ka sauke shi, kamfanin ya ƙiyasta kayan da za a maido masa sun kai na dalar Amurka miliyan 24.5. Lambar da ke kusurwar kwali shekarun mai wasa ta ke nufi, a riƙa dubawa.

Wani lokaci kuma abin da ya shiga ya taɓa addini. A kwafin farko na Zelda: Ocarina of Time na 1998, kiɗan wani gidan wuta na cikin wasan ya na ɗauke da muryoyi masu ambaton kalmomin Musulunci, waɗanda a ka ɗauko daga faifan sautuka na sayarwa. Nintendo ya cire su a kwafin baya. A Oktoba 2008 kamfanin Sony ya janye faifan LittleBigPlanet daga kantunan duniya ana gab da fara sayarwa, bayan an lura wata waƙar makaɗin kora na ƙasar Mali, marigayi Toumani Diabaté, da a ka sa a ciki ta ƙunshi lafuzza biyu na Alƙur'ani. An sake buga faifan babu muryar.

Kafin a ce kaya sun lalace

Galibin ƙorafin da ke zuwa rumfa bai kai ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, datti ne kawai. Kaset irin na Famicom, wanda yawancin na'urorin kasuwa ke kwaikwayo, haƙoran ƙarfe 60 gare shi, kuma a da yawansu ƙwaƙwalwar hotuna daban ta ke da ta tafiyar da wasa. Idan ƙurar hunturu ko tsatsa ta toshe haƙori ɗaya na ɓangaren hotuna, kiɗa zai tashi, wasa zai tafi daidai, amma fuskoki su fito a wargaje kamar dodanni. Hura kaset da baki, wanda kowa ya saba, ƙara ɓarna ya ke, domin danshin numfashi ke kawo tsatsa. Cirewa da mayarwar ce ke gyara zaman haƙoran. A goge su da auduga da ɗan sifirit, a bari su bushe.

Bindigar harbin agwagwa kuwa ba ta aiki da talabijin mai faɗi ta zamani. Idan a ka ja kunama, allon kan yi baƙi na ƙiftawar ido, farin akwati ya bayyana a inda agwagwar ta ke, idon bindigar ya duba ko ya ga haske. Talabijin ta zamani kan ɗan jinkirta hoto, sai bindigar ta duba ba a kan lokaci ba. Sai an nemi tsohuwa mai ƙeya. A tambayi mai saye irin talabijin ɗinsa tun kafin a karɓi kuɗi.

Mu ƴan bakin iyaka muna da ƙarin matsala. Tsofaffin talabijin na Nijar da sauran ƙasashe rainon Faransa tsarin launi na SECAM su ke bi, na Najeriya da Ghana PAL, kayan Amurka da Japan kuma NTSC. Idan tsarin na'ura bai dace da na tsohuwar talabijin ba, hoto ya fito fari da baƙi ko ya yi ta birgima. Sannan na'urar gwanjo da ta fito daga Amurka wutar 120 ta sani, ta Japan 100, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce. Wanda ya jona ba tare da abin rage wuta ba, hayaƙi zai gani. Tsohon kaset mai adana wasa kuma ɗan batiri ne a cikinsa irin na agogo, idan ya mutu abin da a ka adana ya tafi, a buɗe a sauya shi.

Shawararmu ita ce duk sabon kaset ko faifan da ya shigo rumfa, a sa yaron shago ya gwada shi, ya bari a cinye shi da gangan don a ga hoton da ke fitowa idan an faɗi, kuma a gaya wa mai saye adadin wasannin da ke ciki na gaskiya. Idan laifin na kaya ne a karɓa ba gardama. A ƙarshen 1983, wata biyar bayan Nintendo ya fitar da Famicom, an gano wasu na daskarewa saboda wata ƙwaƙwalwa mai aibi. Shugaban kamfanin, Hiroshi Yamauchi, ya sa a ka janye kayan daga kantuna a tsakiyar kasuwar ƙarshen shekara, a ka gyara a ka maido. An yi hasara a wannan lokaci, amma kafin ƙarshen 1984 na'urar ce ta fi kowace ciniki a Japan. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya shirya mana zuri'a.